Karate ba daga samurai ta fito ba fa

Malam marubuci sannu da ƙoƙari, amma inda kace karate wasan samurai ne, wato mayaƙan Japan na da, nan kam ban yarda ba. Asalinta tsibirin Okinawa ne, tun yana masarautar Ryukyu kafin Japan ta haɗiye shi a 1879, kuma mutanen can sun daɗe suna cuɗanya da ƴan China shi yasa da farko ma sunan yana nufin "hannun China", sai a shekarun 1930 aka canza rubutun ya koma "hannu ba makami".

Garuruwa uku ne tushen abin, Shuri da Naha da Tomari. Anko Itosu na Shuri shi ya tsara kata biyar na Pinan (kata jerin motsin faɗa ne da ake haddacewa) saboda yaran makaranta, almajirinsa Funakoshi ya kai karate Tokyo a 1922 ya sake musu suna Heian, wanda duk ɗan Shotokan, wato salon karate na Funakoshi, ke haddacewa yau. Ɓangaren Naha kuwa Higaonna har Fuzhou ta China yaje ya yi karatu, ya dawo da kata mai suna Sanchin, ɗalibinsa Miyagi ya kafa salon Goju-ryu.

Ni wanda yafi burgeni Mabuni ne, mutumin ya zauna gaban Itosu ya kuma zauna gaban Higaonna, shi yasa Shito-ryu, salon da ya kafa, take da kata rututu har mutum ya gaji da ƙirga. Don Allah a gyara wancan sakin layi na samurai ɗin.