Wa ke auna mudun ɗakin gwaji?

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano a watan Mayun 2024 ake ta kira ga sauran jihohi su bi sahu. Mu a Jos ba mu ma jira doka ba, limamai da dama da coci-coci sun daɗe suna cewa sai an kawo takarda kafin a ɗaura. Ni ma ina goyon baya. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da AS, wato jinotayif ɗin mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, ake kuma ƙiyasin haihuwar jarirai wajen 150,000 da sikila duk shekara, babu mai jayayya da gwaji sai wanda bai taɓa kwana a asibiti yana kallon yaro na murƙususu ba.

Abin da ya ɓata min rai wani shirin rediyo ne da na saurara makon jiya. Baƙon shirin, mutum mai ilimi, ya buɗe baki ya ce da zarar an kawo takardar lab mai hatimi, magana ta ƙare. Wani mai kira ya ɗora da cewa ai yanzu inji ne ke yin aikin, inji kuwa ba ya ƙarya. Aka yi ta "haka ne, haka ne" har lokaci ya cika. Babu ko mutum ɗaya da ya tambayi wa ke duba masu rubuta takardar.

Bara aka sa ranar 'yar yayata. Ita AS ce, ta sani tun tana sakandare. Saurayin ya je wani ɗakin gwaji a wajajen Taminus, aka ba shi takarda an rubuta AA, ga hatimi ga sa hannu. Aka kai kuɗin gaisuwa, aka fara haɗa lefe. Bayan wata biyu ya samu aiki, kamfanin ya tura shi gwajin lafiya a wani wurin daban, takarda ta fito da AS. Da daddare ta kira ni, muryarta na rawa: "Kawu, wacce za mu yarda da ita?"

Washegari na ɗauke shi muka koma wurin farko. Wuri tsaf, ga tayil, ga talabijin, ga takardun shaida cikin gilashi a bango. Na tambayi yaron da ke kan aiki ko sun haɗa da kwanturol a ranar, wato jinin da aka riga aka san amsarsa, wanda ake gwadawa tare da na mutane don a tabbatar aiki na tafiya daidai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, injinmu sabo ne dal, daga waje aka kawo shi." Na ce ya nuna min littafin rajista. A safiyar ranar mutum biyu masu suna ɗaya aka ɗebi jininsu, ɗaya na bin ɗaya. A kan teburin kuwa ga kwalaben ranar da muka je, kowace an liƙa mata guntun filasta an rubuta sunan farko kawai da biro. Babu lamba, babu sunan uba, babu lokaci.

To ina laifin inji a nan? Inji ya faɗi gaskiyar jinin da aka ba shi. Wannan ne abin da masu bautar na'ura suka kasa ganewa, kuma ba sabon ilimi ba ne. Wasu masana biyu a Padova ta ƙasar Italiya, Mario Plebani da Paolo Carraro, sun ƙidaya kurakuran ɗakin gwajin asibitinsu a 1997, suka tarar kashi 68 cikin ɗari sun faru ne tun kafin jini ya shiga inji. Suka sake ƙidaya bayan shekara goma, suka samu kashi 62. Kuskuren da ya faru a cikin awon kansa bai wuce kashi 15 ba. Wannan fa asibitin jami'a ne a Turai, inda ba a ɗauke wuta. Mu kuwa duk lokacin da aka tashi maganar inganta ɗakunan gwaji, sai a sayo inji, a kira 'yan jarida, a yanka zare. An bar jaki ana dukan taiki.

A bi hanyar jinin a gani. Jinin da aka ɗiba don auna suga, idan aka zuba shi a kwalbar da ba ta dace ba aka bar shi kan tebur, ƙwayoyin jinin ne za su riƙa cinye sugan, yana raguwa wajen kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari duk awa. A ɗebi jinin dattijuwa a Rikkos da ƙarfe takwas, a jira sai an tara na mutum goma, a ba mai keke ya kai cikin gari da azahar, sai takarda ta ce suganta lafiya lau. Idan aka tsotsi jini da ƙarfi ko aka girgiza shi ƙwayoyinsa suka fashe, sinadarin fotashiyam zai nuna ya hau, likita ya firgita a banza ko ya ba da maganin da ba a buƙata. Sinadaran gwaji da yawa ana son a ajiye su a sanyin digiri 2 zuwa 8. Wa ya rubuta sanyin firjin da ƙarfe uku na dare, bayan an ɗauke wuta mai wurin ya kashe janareta don tsadar mai? Shi kansa gwajin jinotayif, a yawancin ƙananan wurare ɗiga jini ake yi a kan wata takarda ta musamman, a sa lantarki ya ja shi, kowane nau'i ya tsaya a layinsa, sannan mutum ya duba da ido. In ba a sa kwanturol a gefe ba, da me zai kwatanta layin? Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ma takardarsa na iya ruɗarwa, amma sau nawa aka taɓa tambayarka wannan kafin a soka maka allura?

Kada ma a zo maganar taifot. Gwajin Widal da muke ta biya tun 1896 yake, kuma kowane likita ya san yin sa sau ɗaya ba ya tabbatar da cutar a ƙasa irin tamu. Duk da haka rabin gari na yawo da "maleriya da taifot" a rubuce, suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar gyaɗa.

Matan da ke awo a kasuwa sun fi mu hankali. Kowacce ta san mudun da aka buga wa gindi, in ta yi shakka gida za ta koma ta sake aunawa da nata. Mara lafiya ba shi da mudu a gida. Shi ya sa dole wani ya auna masa, kuma hanyar yin hakan a shimfiɗe take. Hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta ɗora wa alhakin rajista da sa ido kan ɗakunan gwaji, tana da cibiya a Saye kusa da Zariya wadda aikinta ke nan: ta aika wa ɗakin gwaji samfurin da ita ta san amsarsa shi bai sani ba, ya gwada, a ba shi maki. Akwai ma'aunin duniya na ingancin ɗakunan gwaji, ISO 15189, da aka sabunta a 2022. Akwai kuma tsarin taurari da ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙaddamar a Kigali a 2009, saboda an san ba kowa zai kai matakin ISO dare ɗaya ba. Maki 55 cikin ɗari tauraro ɗaya, 95 zuwa sama taurari biyar. Otal ma yana faɗin taurarinsa. Ni dai duk yawona a ɗakunan gwajin garin nan, takardar rajista nake gani a bango da hoton inji, ban taɓa ganin makin jarrabawa ba.

Masu cewa matsalar 'yan bogi ce kawai, a rufe su a huta, su sani wurin da muka je rajistarsa na rataye. Masu cewa rashin kuɗi ne su gaya min nawa ake sayen biro da za a rubuta sunan uba. Rigimar shekara da shekaru tsakanin likitoci da masana gwaji kan wa zai shugabanci lab kuwa, mara lafiya bai ci ribar ko sisi a cikinta ba. Abin kunya ne a ce wannan na faruwa a Filato, jihar da ke da kwalejin tarayya ta horar da ma'aikatan gwaji a Jos da wata a Vom, inda ake yaye masu koya wa ƙasa wannan aiki.

Abin da nake nema bai da yawa. Duk wurin da zai ba da takardar gwajin aure a tilasta masa shiga jarrabawar samfur, ya liƙa makinsa a ƙofa. Ya riƙe littafin kuskure, kwalba nawa aka rikita, samfur nawa aka mayar, takarda nawa aka gyara bayan an bayar. Wanda ya ce littafinsa fari fat ne, shi ne abin tsoro, don bai ƙidaya ba ne. Limamai kuma su riƙa neman takarda biyu daga wurare biyu.

Gwaji na uku ya ce AS, aka fasa auren, lefen na nan a ɗakin uwar yaron. Mai wurin farko ya ba mu haƙuri, ya ce zai mayar da kuɗin gwaji. Na ce ya bar kuɗin, ya kira ɗaya mutumin, takwaran, wanda wataƙila yana can riƙe da takardar da ba tasa ba. Ya buɗe littafin ya bi layin da yatsa. Ba a rubuta lambar wayarsa ba.