Ba aljanin ne ya dame ni ba, irin son da yake mata ne

Hutun makarantar da ya wuce 'yar ƙanena mai shekara 15 ta zo mana nan Jidda daga Makka, kwana goma ta yi amma ban ga idonta sosai ba, kullum kai a sunkuye kan waya, a kira ta cin abinci sai ta ce Goggo bari in ƙarasa wannan fejin. Ranar da na ce miƙo in gani ban yi faɗa ba, zama na yi na karanta, har ƙarfe biyun dare ina kai. Nobel ne na Hausa irin wanda ake turawa kashi-kashi a WhatsApp, wai yariman aljanu ne ya ga wata 'yar sakandare a bakin rijiya ya kamu, tun daga nan duk saurayin da ya zo zance sai ya kwanta ciwo. Kuma gaskiya marubuciyar ta iya jan zare, ni kaina na kasa ajiyewa, to ina ga yarinya.

Irin waɗannan littattafan na soyayyar mutum da abin da ba mutum ba sun daɗe da cin kasuwar matasa. Wanda ya buɗe ƙofar sosai shi ne Twilight na Stephenie Meyer da ya fito a Amurka a 2005, aka yi fim ɗinsa a 2008, yarinya 'yar 17 da bamfaya, wato mataccen da ya ƙi kwanciya yake rayuwa da jini, shekarunsa sun haura 100 amma fuskar ɗan saurayi. Bayansa ne aka yi ta ambaliyar masu rikiɗa kerkeci da mala'ikun da aka koro da sauran tarkace, Wattpad kuma, manhajar rubuta labarai da karanta su, ta ba kowace yarinya damar rubuta nata. A nan Saudiyya ma muna da namu, Hawjan na Ibrahim Abbas da ya fito a 2013, aljani mazaunin wani gida a Jidda da ya kamu da son 'yar mutanen da suka tare a gidan. A shekarar ma sai da aka janye shi daga wasu shaguna na ɗan lokaci bisa zargin yana koyar da sihiri, sai ga shi a 2023 fim ɗinsa ne ya buɗe bikin fina-finai na Bahar Maliya a garin nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke sharhin su. Kashi biyu muke, masu cewa wayyo daɗi, Allah ya ƙara basira, a ƙaro mana feji, sai masu cewa shirka ce a ƙwace waya, kuma yawancin na biyun ko layi ɗaya ba su karanta ba. Duka biyun babu mai tsayawa ya tambayi abin da ni nake ganin shi ne kan magana, wato wane irin so ne ake koya wa 'yar shekara 15 ta ɗauka shi ne so.

Ki cire fukafukin da jan idon ki duba mutumin da ya rage. A Twilight saurayin yana shiga ɗakinta cikin dare ya zauna yana kallonta tana barci ba ta sani ba, a littafi na uku har motarta ya lalata don kar ta je wurin abokinta, kuma duk an rubuta shi a matsayin tsananin ƙauna. Na hannun 'yar ƙanena ya fi haka, yariman ya raba ta da ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, ya hana ta gaida ɗan baffanta, ranar da ta yi masa musu ya ɗaga ta ya maka da bango sannan ya zo yana kuka yana shafa mata magani wai kishi ne ya sa, ita kuma a ranta tana cewa ashe haka yake sona. Wallahi nan ne gabana ya faɗi, don na san mata a unguwannin Hausawa nan da Makka da suke cikin wannan auren sak, babu aljani ko ɗaya a ciki, miji ne ɗan Adam, ya riƙe fasfo da iƙama, wato katin izinin zama, ya riƙe waya, uwa ta zo daga Kano Umara a hana 'yarta zuwa masauki ta gaishe ta. Da marubuciyar ta ce ɗan maƙwabta ne ya yi haka da kowa ya ce azzalumi, amma da yake an naɗa masa rawanin aljanu sai aka yafe masa komai.

Sannan akwai bambancin da mai sharhi Bahaushe bai kamata ya tsallake ba. Yarinyar Amurka ta san babu bamfaya, tana rufe littafi shike nan. Mu kuwa aljani gaskiya ne, sura guda ce da sunansa a Alƙur'ani, kuma a aya ta 6 an faɗi yadda wasu mutane suka riƙa neman tsari da aljanu sai suka ƙara musu wahala. Mun taso muna jin namijin dare, muna ganin ana kai 'yan mata ruƙiya don aure ya ƙi zuwa. An ruwaito cewa da aka tambayi Imam Malik kan auren aljani ya nuna ƙinsa saboda gudun kar mace ta zo da ciki ta ce na aljani ne ɓarna ta yawaita, ka ga shi abin da zai faru da mutane ya duba. To yarinyar da ta kwana tana karanta aljani na shafa gashin jaruma ta kashe fitila ita kaɗai a ɗaki, ba nishaɗi kawai ta kwasa ba.

Duk da haka ban yarda da ƙwace waya ba, kuma ba na cikin masu cewa a daina rubutawa. Tun ana sayar da littattafan soyayya a kasuwannin Kano a shekarun 1980 ake tsine musu, ba su mutu ba, da su ma mata da yawa suka iya karatun Hausa. A nan kuwa abin ya fi haka nauyi, yaranmu da aka haifa a unguwannin Makka irin su Jarwal ko Shara Mansur Larabci suke yi a makaranta da titi, 'yar ƙanena da nobel ɗin nan ta koyi karanta Hausar boko, babu malamin da ya zaunar da ita. Ina so masu sharhi su karanta har ƙarshe, su yaba inda labari ya yi daɗi, sannan su faɗa ƙarara ko jarumar tana da bakin cewa a'a, ko tana da iyaye da ƙawaye da karatun da suka rage mata bayan ya shigo rayuwarta, da kuma shekarun da ya dace a ba wa littafin, don wasu babukan ko matar aure sai ta kau da kai.

Da safe na tambaye ta, in Abba ya kawo miki wani ya maka ki da bango za ki zauna? Ta zaro ido ta ce haba Goggo, ai shi wannan aljani ne. Na ce to sake karanta babin ki sa masa sunan mutum. Ta koma ɗaki, can da la'asar ta fito ta zauna kusa da ni ina tsintar shinkafa, ta ce Goggo ashe tun farko bai taɓa tambayarta ko tana son shi ba.