Maigida, jinyar matarka ba aikin surukarka ba ne

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata mu daina yi mata kallon mutunci. Idan miji ya kwanta ciwo mai tsawo, ba a ma tambayar wa zai yi jinya. Matarsa ce. Ita ce kwana kan tabarma a gindin gado, ita ce zubar da fo, ita ce dama kunu da asuba, ita ce shan faɗan marar lafiya idan ciwo ya motsa. Amma in matar ce ta kwanta, ranar da likita ya rubuta sallama sai ka ji an ce, "A wuce da ita gida, in ta ji sauƙi ta dawo ɗakinta." Gidan iyayenta ake nufi. Sai a sauke wa tsohuwa mai shekara 70, wadda ita ma gwiwa ta hana ta salla a tsaye, aikin ɗaga mace baliga daga katifa zuwa banɗaki. Shi kuwa maigida sai ya riƙa leƙowa bayan magariba da ledar lemo da ayaba, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Ya mai jiki?", ya ajiye abin da ya ajiye, ya tafi ya yi barcinsa.

Ba daga nesa nake magana ba. Maman yarana ta gamu da shanyewar ɓarin jiki sanadiyyar hawan jini, mun yi zaman asibiti, mun dawo gida, kuma har yanzu muna ciki. Allah Ya ba duk marasa lafiya sauƙi.

In za a yi adalci, ba duk mazan da suke yin haka ne marasa imani ba. Tsarin asibitocinmu kansa yana koya wa miji cewa jinya ba hurumin sa ba ce. Ɗakin mata ba a barin namiji ya kwana, kuma da dalili, akwai matan mutane a sauran gadajen. Saboda haka ƙanwarta ko mahaifiyarta ce a ciki, shi kuwa ɗan aike ne: layin biyan kuɗi, layin magani, kai jini ɗakin gwaji, neman inda injin hoton ƙwaƙwalwa yake aiki, neman wanda zai ba da jini. Wahala yake sha ta gaske, ba na musu. Amma sai a yi wata guda bai taɓa ganin yadda ake juya ta ba, bai san yadda ake ba ta abinci ba, bai san me ake dubawa a jakar fitsari ba. Ranar sallama in ya ce "ban iya ba", gaskiya ya faɗa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki rashin iyawar nan hujja, alhali abu ne da ake koya a 'yan kwanaki, kuma masu koyarwar suna nan a tsaye cikin fararen kaya.

Lokacin dubiya ya ishe ka. Ka bar gaishe-gaishe da dangi, ka je wurin sista mai kula da ɗakin, ka ce mata, "Sista, don Allah in za ku juya ta ku kira ni, ni zan ci gaba da yi a gida." Na ga yadda fuskarsu take sauyawa in namiji ya faɗi haka. Aiki ya yi musu yawa, marasa lafiya sun fi ƙarfin hannunsu, amma wanda ya zo koyo ba sa korar sa.

Juyawar nan ita ce ta farko, don ita ce take raba wanda zai tashi da wanda gyambo zai cinye. Mutumin da ba ya iya motsa jikinsa, nauyin jikinsa yana danne fata a kan ƙashi har jini ya daina kai wa wurin. Ƙasan gadon baya, kwatangwalo, dugadugai, allon kafaɗa, nan ne yake farawa. A baƙar fata irin tamu ba lalle ka ga ja ba, sai dai ka ga wurin ya ƙara duhu, ko yana sheƙi, ko ya fi sauran jiki ɗumi. In ka bari ya fashe, an buɗe wata sabuwar jinyar da za ta iya fin ta farko tsada. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce duk bayan awa 2 a sauya mata kwanciya, dare da rana, a tallafe da matasai, a sa ɗaya tsakanin gwiwoyi, a ɗage dugadugan kada su taɓa katifa, a tabbatar zanin gado a bushe yake ba tare da ya tattare ba. Duk awa 2, har da ƙarfe 2 na dare da 4 na asuba. Yanzu ka faɗa mini tsakani da Allah, tsohuwa ce za ta yi wannan?

Sannan kada a kuskura a ja ta da hannun da ya shanye. Jijiyoyin da suke riƙe kafaɗar sun saki, in aka fizga sai ƙashin ya goce, ciwon kafaɗar ya zauna mata wata da watanni, ya hana ta motsa jikin da ake so ta yi. 'Yan'uwa masu son taimako su suka fi yin wannan ɓarnar, kowa ya zo sai ya kama hannu ya ce "bismillah, tashi".

Abinci kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Shanyewar jiki tana taɓa haɗiya. Mu kuwa ƙaunarmu ɗura ce: a kwantar da marar lafiya, a ɗaga kai kaɗan, a riƙa zuba ruwa ko shayi da cokali ana "daure ki sha". In haɗiyar ba ta dawo daidai ba, wani abin huhu yake wucewa, wani lokacin ko tari ba za ta yi ba, sai bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ta, numfashi ya sarƙe, a koma asibiti da ciwon huhu. A zaunar da ita tsaf, a ba ta kaɗan-kaɗan, a jira ta haɗiye, a duba kuncin da ya shanye ko abinci ya maƙale, a bar ta a zaune kamar rabin awa bayan ta gama. In an sallame ku da robar hanci, wadda ake zura mata abinci ta ciki, kada wata gwaggo ta zo ta ce a cire "ta ci abinci kamar mutane". Wanda ya sa ita shi zai ce a cire.

Gidan ma sai an shirya shi kafin ta iso, ba bayan an sauke ta daga mota ana rarraba ido ba. Wane ɗaki ne ya fi kusa da banɗaki, ya fi shan iska? Keken marasa lafiya zai wuce dokin ƙofar nan, ko sai an kira magini ya yi ɗan gangare da siminti? Masan tsuguno ba zai yiwu ba. In babu kuɗin kujerar bayan gida ta kanti, kafinta zai huda kujera mai ƙwari a sa bokiti a ƙasa. Katifa a ƙasa tana karya bayan mai ɗagawa, gado mai tsayin da ƙafarta za ta taɓa ƙasa in ta zauna ya fi. Akwai katifar iska mai ɗan inji da ake sayarwa don rage gyambo, tana da amfani, amma da wuta take aiki, kuma kowa ya san halin wutarmu. Ko da ita ba a daina juyawa. Sai leda ta shimfiɗa, famfas ɗin manya, safar hannu, zannuwa da yawa, da na'urar awon jini wadda kai da kanka ka iya amfani da ita. Wanda jinyarsa ta faɗo a zafin Maris da Afrilu ya ƙara da tunanin fanka mai caji, don gumi da fitsari su suke jiƙa fata su sa ta saurin salewa.

Sai 'yan dubiya. Allah Ya saka musu da alheri, amma kowa da maganinsa yake zuwa. Wannan ya ce iska ce ta buge ta, wannan ya ce sammu ne, wannan ya kawo jarka daga wani ƙauye ya ce sharaɗin a daina na asibiti. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, mu ma muna yi safe da yamma. Amma maganin hawan jini ba a ajiye shi don jiki ya yi sauƙi, kuma ba a ajiye shi don jarka. Binciken SIREN, wanda aka yi a manyan asibitocin Najeriya da Ghana, har da Kano, aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da suke jawo wannan ciwo a wurinmu. Wanda ya taɓa samun bugu na farko yana cikin haɗarin na biyu. Haka nan gashi da ruwan zafi: ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, za ka iya ƙona ta ba ta ce uffan ba. Gashin da ake nufi a asibiti motsa gaɓoɓi ne da koyon zama da tsayuwa da taku, kuma watannin farko, 3 zuwa 6, su ne jiki ya fi saurin dawowa. Kwanakin da aka ɓata ana yawon gidajen masu magani daga cikin waɗannan watannin ake cire su. Wa zai tsaya ya ce wa dangi a'a in ba mijin ba? Surukarka kunya za ta hana ta ƙin jarkar da yayarta ta kawo.

Na san abin da wasu za su kawo, cewa a tsofaffin littattafan fiƙihu kuɗin magani ba ya cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji. Haka ne, maganar tana nan, kuma malamai da yawa na wannan zamani sun ce yanzu magani ya zama kamar ci da sha, ya shiga cikin wajibi. Na bar wa masu ilimi wannan. Ni abin da na riƙe shi ne Sayyidina Usman ɗan Affan bai halarci yaƙin Badar ba, a shekara ta 2 bayan Hijira, saboda jinyar matarsa Nana Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), kuma Annabi ya ce masa yana da ladan wanda ya halarta da rabonsa. Tana da 'yan'uwa mata a Madina, amma mijinta aka bari. Badar fa.

Kuma akwai maganar sutura, wadda ba a cika faɗa ba. Mace mai 'ya'ya, mai girma a gidanta, rana ɗaya ta koma sai an yi mata tsarki. Duk duniya wa ya fi cancanta ya ga tsiraicinta? Ranar farko da na yi wa maman yara, ta juya fuska bango, bakinta bai iya haɗa magana ba sai hawaye. Na ce mata, "Haba, ni ne fa." Da surukata ta ji ni nake yi, sai ta kira ni gefe, ta ce, "Malam, wannan ai ba aikinka ba ne, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne." Na ce, "Inna, ki bar mana addu'a da kunun nan naki, ɗagawa da juyawa ki bar mini." Ba ta ƙara magana ba, kuma kunun ba ya yankewa.

A kula da wani abu: wadda maganarta ta ɗauke sau da yawa tana jin duk abin da ake faɗa. Kada a tsaya a kanta ana lissafin kuɗin da aka kashe, ko ana "wannan kam sai dai addu'a". Kusan 1 cikin 3 na waɗanda suka yi wannan ciwo suna faɗawa cikin matsananciyar damuwa, kuma ita ma ciwo ce da ake gaya wa likita. A tuna mata lokacin salla, a taimaka mata da alwala ko taimama, ta yi a zaune ko a kishingiɗe yadda shari'a ta sauƙaƙa. A tambaye ta me za a dafa, ko da kai za ta amsa. Gidanta ne. Masu ba da shawarar ƙarin aure tun tana kan gadon asibiti, wai don a samu mai taimakawa, su ji tsoron Allah. Babu amaryar da take shigowa don zubar da fo, kuma kishiyar da take gidan ma, in ta taimaka alheri ta yi, ba dole aka yi mata ba.

Ban ce miji ya yi shi kaɗai ba, ba zai iya ba. Mai fita nema tun safe dole ya samu mai riƙe rana. A nan ne dangi suke da amfani, in an tsara su: wance Litinin da Alhamis, wane shi ne kai ta gashi, wane ya ɗauki famfas duk wata. Wannan ya fi kwali goma na lemon da ba ta ma iya sha. Kuɗi kuwa, duk da dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022, mafi yawanmu daga aljihu muke biya, kuma jinyar gida ba mai biya maka ita. Wanda yake kan mafi ƙarancin albashi na ₦70,000 ba zai ɗauki wannan shi kaɗai ba, kada ya ji kunyar faɗa. In kuma ita da kanta ta zaɓi gidan iyayenta, ko ɗaki ɗaya kuke haya babu banɗakin kirki, sai a kai ta. Amma ka bi ta can. Juyin dare naka ne, ranar asibiti taka ce, kuɗin magani naka ne.

Su kuma asibitocinmu, roƙo ɗaya nake yi. Kafin a miƙa takardar sallamar wanda ba ya iya tashi, a tambayi wa zai yi jinya a gida, a kira shi, a ja labule, a sa shi ya juya marar lafiyar ya kuma ba ta abinci a gaban ma'aikaciya. In mijin ne, a ware masa awa guda a ɗakin mata don wannan. A rubuta masa da Hausa alamomin da in ya gani zai dawo da gaggawa: zazzaɓi, fitsari ya daina sauka ko ya yi wari, fuska ta sake karkacewa, barci ya yi nauyi fiye da kima. A yanzu abin da ake ba mu takardar magani ce da ranar dawowa ganin likita.