Na ɗaure raƙumina a Ƙofar Wambai

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, albashina ya daina kai ni ƙarshen wata, saboda haka muka zauna da maiɗakina muka yanke shawarar cewa duk abin da za a iya samun na hannunsa mai kyau, ba za mu ƙara sayen sabonsa ba. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne wani ɗan'uwana ya ce mini sanya wa 'ya'yana gwanjo alama ce ta raunin imani, wai wanda ya yarda Allah ne mai azurtawa ba zai tsuguna yana tonon tufafin da wasu suka tuɓe ba. Maganar ta daɗe tana ci mini rai, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba.

Duk shekara kafin hunturu ya kankama nakan yi sammako zuwa kasuwar Ƙofar Wambai a nan Kano, ranar da na ji za a fasa dila, don wanda ya makara ragowar zaɓen wasu yake tararwa. Nakan ɗaga rigar sanyi sama in duba ta a hasken rana, in leƙa hammata da wuya, in ja zif sau biyu, in murza yadin tsakanin yatsuna ko ya fara ruɓewa. Idan na koma gida a jiƙa su da ruwan zafi da Dettol har warin nan na dila ya fita, a shanya a rana, a goge. Rigar da na saya wa babban ɗana a bara yanzu ƙaninsa ke sa ta, ko maɓalli ɗaya bai cire ba. Firjinmu ma ɗan Beljiyam ne, gadon yara kuma a hannun wata dillaliya ta unguwarmu muka same shi.

Wanda ya ce wannan ya saɓa wa tawakkali bai fahimci tawakkali ba. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, amsar da ya samu ita ce ya ɗaure ta sannan ya dogara. A hadisin tsuntsaye ma, wanda Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar, ba a ce suna kwana a sheƙa abinci ya same su ba, fita suke yi da sassafe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe. Ni tattalin ɗan abin da ke hannuna shi ne igiyata. A Suratul Furƙan kuwa Allah ya yabi bayinsa waɗanda idan za su ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro. Abin da nake tsoro shi ne mutum ya ci bashin shadda da leshi don idon jama'a a ranar Sallah, sannan ya kira hakan dogaro ga Allah alhali mai shago yana jiran kuɗinsa.

Na yarda akwai abin baƙin ciki a cikin lamarin, domin duk wanda ya san masaƙun Kakuri a Kaduna lokacin da suke ciyar da dubban gidaje, zuciyarsa za ta sosu idan ya ga yau da tufafin ƙetare muke suturta kanmu. Ita kanta gwanjon ta yi tsada tun da naira ta faɗi, tunda da kuɗin waje ake shigo da ita. Kuma ina da iyaka, ba na sayen kamfai ko katifa na hannu saboda lafiyar iyalina.

A zangon karatun da ya wuce kuɗin makarantar yara uku ya zo daidai da rashin lafiyar mahaifiyata, na kwana biyu ina lissafi ban ga mafita ba. Ɗan abin da maiɗakina ta riƙa ajiyewa a asusu daga rarar sayen gwanjo shi ya biya kuɗin yara biyu daga cikinsu, na ukun kuma wani aikin koyarwa na yamma da ban taɓa nema ba ya zo ya biya shi a makon da wa'adin makarantar zai cika.