Katifar gashin tunkiya

Duk laifin ɗan yayana ne, mai karatu a Kano. Ya zo hutu ya ga katifata ta soso ta lotse a tsakiya kamar akushi, ya ce ai Turawa a kan katifar ulu suke kwana, gashin tumaki zalla, ba zafi ba gumi. Ga ni da ciwon baya. Ran Lahadi sai kasuwar Gujungu.

Na ce wa mai katifa, "Akwai ta gashin tunkiya?" Bawan Allahn nan ko ƙifta ido bai yi ba. "Alhaji, ita kaɗai ta rage." Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, amma Alhajin nan ya ratsa ni. Ya jawo wata ja mai furanni, ya yi mata kuɗi dubu 25, muka tsaya a 18, na ƙirga na ba shi.

Da na ɗauka na tafi da shi ke nan. Sai ya ce in gwada. Na tuɓe takalmi, na ajiye hula, na miƙe a tsakiyar kasuwa da babbar rigata. Ina juyi ina yi wa mutane bayani, wai irin ta Ostareliya ce, gashin tumakin Merino, yadda yaron ya karanta mini. Har na lumshe ido.

Sai na ji huci a kunnena. Wani ƙaton rago Balami da ake ja zuwa kara ya ƙwace igiya, ya kafa baki daidai kaina. Ƙiii, ɗinki ya ɓarke. Jama'a, audugar da ba a gurza ba ce, cike da angurya, sai ƙyallayen tela. Kun san dabba da angurya. Kafin in yunƙura awaki sun yi mini zobe, riga ta naɗe mini ƙafa, wata ta ɗora kofato a cikina tana ci hankali kwance. Ina kwance ina "kai! kai!", auduga a gemu, auduga a hanci, ga atishawa ta ƙi tsayawa.

A nan ne dillalin nan na garinmu, mai jan rawani, kun dai san shi, ya ɗaga murya ya ce, "Ku ƙyale su, gashinsu suka zo karɓa!" Kasuwa ta ɗauka. Bai bar ni haka ba, ya tsuguna yana ba ni karatu: Balami, Uda, 'Yankasa, duk gajeren gashi gare su irin na akuya, wa ya taɓa ganin an yi musu aski an cika katifa? Gaskiya ya faɗa, shi ne ma abin haushin. Mutumin da ya ari garmata damina biyu ke nan, kullum "gobe in sha Allahu". Ran sunan ɗansa ni na ba da aron tabarmi shida, biyar suka dawo. Shi ne yau malamin tumaki.

Mai katifa ya ce rago ya yaga, ba shi ba, kuma ciniki ya faɗa. Mai rago ko ƙurarsa ban gani ba.

Uwargida ta ɗinke ta da basilla, ba ta ce uffan ba, kafaɗunta kawai ke rawa. Katifar tana zaure yanzu, ɓeraye sun gano ta. Garmar ma har yau shiru.