Ga matasan Maraɗi da suka fara zama iyayen gida

Ƴan uwana matasa, musamman ku da kuka buɗe shago, ko wurin ɗinki, ko ƙungiya, ko kuka samu kujera a biro: akwai wani abu da muke gada daga iyayen gidanmu tare da jari, kuma ba mu tsayawa mu tantance shi. Shi ne zaton cewa yaro ba ya aiki sai idon maigida na kansa. A kan wannan zato ake ɗora komai. Makullin mangaza a aljihun mutum ɗaya, lissafi a kansa, farashi ba ya fita sai an kira salularsa, ko yana Kano ko yana Makka. Mai saye ya taso tun daga Dakoro da kuɗinsa a hannu, yaron da ya daɗe a shagon ya san kaya ya san kuɗinsu, amma ba shi da ikon rage ko dala. "Sai Alhaji ya zo." Mai saye ya wuce shagon gaba.

Ba raina magabata nake ba. Alhazan garin nan da fataucin gyaɗa da hulɗar Katsina da Kano suka ɗaga Maraɗi har ta zama cibiyar kasuwancin Nijar, kuma da amana suka yi. Amma ku ƙirga da kanku, gidajen kasuwanci nawa ne suka ci gaba da tsayawa bayan rasuwar mai su? Ana tashi daga zaman makoki sai a tarar babu wanda ya san wa gidan ke bi bashi, wa ke bin gidan, kaya nawa ke hanya, wanne ke jiran duwan. Sai a ce ƴaƴa sun lalata dukiya. Sau da yawa ba lalacewa ba ce. Mutum ne ya kai shekara 40 ba a taɓa barinsa ya yanke shawarar buhu guda ba, rana ɗaya aka miƙa masa gida duka.

In kuna shakkar cewa mutum na iya kula da abu ba tare da mai tsaro ba, ku fita karkarar jihar nan ku dubi gonaki. A da icce na gwamnati ne, ma'aikatan daji na cin tarar wanda ya taɓa shi, manomi kuma yana share gonarsa ƙarƙaf don bai ga abin da iccen zai tsinana masa ba. An kashe kuɗi ana dasa itatuwa, akasarinsu suka mutu. Daga shekarun 1980, a nan yankin Maraɗi, manoma suka fara barin tohon kututture yana girma, suna yi masa sassabe suna reno. Da suka tabbata iccen da suka rena amfaninsa nasu ne, abin ya bazu daga manomi zuwa manomi har ya kai wajen kadada miliyan 5 a ƙasar nan. Mutanen su ne dai na jiya. Abin da ya sauya shi ne sun samu rabo da ta cewa a cikin aikin. Yaron shagonka ma haka yake, kuma shi ne ke tsaye gaban masu saye daga safe zuwa magariba, shi ya san kayan da ke kwantai da wanda ake tambaya ba a samu. Yaushe rabon da ka tambaye shi?

Sai batun ɗan uwa. Muna ɗauka cewa in na jini ne ke riƙe da kuɗi, kuɗi sun tsira. Alƙur'ani, a labarin Annabi Musa, alaihis salam, siffa biyu ya ambata ga wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki: mai ƙarfi, amintacce. Ka taimaki ɗan yayarka, zumunci wajibi ne. Amma in bai iya lissafi ba, ɗora shi kan lissafi cutar da shi ne, kuma ranar da aka samu giɓi ba za ka iya tsawata masa ba sai zumuncin ya taɓu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haƙƙin ma'aikaci. Har yanzu akwai masu ganin cewa tuwon rana da kayan salla sun isa ladan saurayin da ke buɗe shago bayan asuba ya rufe bayan isha, da alkawarin "wata rana zan sallame ka" wanda ba shi da rana. Suna ganin duk abin da aka rage daga albashi riba ce. A 1913 kamfanin motoci na Ford a Amurka ya ɗauki sama da mutum 50,000 don kawai ya riƙe ma'aikata wajen 14,000, saboda mutane na shiga suna gudu. A 1914 ya ninka kuɗin yini zuwa dalar Amurka 5, ya mai da aiki awa 8, gudun ya ragu ƙwarai. Ba tausayi kaɗai ya sa shi ba, lissafi ya yi. Duk ƙwararren da ya bar ka, da saninsa da masu sayen da suka saba da shi yake tafiya. Mu kuma muna da abin da ya fi lissafi nauyi, tunda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce mu da mu ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. A nan Nijar, dokar aiki ta 2012 ta sa awa 40 a mako, mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 na sefa tun farkon 2024, kuma rajistar ma'aikaci a asusun CNSS, mai kula da fansho da inshorar ma'aikata, ba alfarma ba ce. Daɗewa a wurin aiki ma ba shi ne aiki ba. Telan da ya kwana uku bai runtsa ba gab da salla, shaddar mutane yake ɓatawa.

Na san abin da za ku ce: in na saki, za a cuce ni. Ana cuta, ba na musu. Amma maganinta rubutu ne, ba riƙe makulli ba. Mun mai da rubuta yarjejeniya kamar zargi, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Ka sayi littafi. Abin da ya shiga da abin da ya fita a rubuta shi ranar, da hannun wanda ya karɓa. Ka ce wa yaronka: daga nan zuwa nan kai ne mai yanke farashi, abin da ya wuce haka ka kira ni. Ku ajiye dare ɗaya a mako ku zauna kan littafin tare, shi ma ya ga ribar da aka samu, ya san kasonsa a ciki. In kuma ka yi masa alkawarin sallama, ku sa shekara da adadin jari a takarda gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa.