Malamin da muke nema yana aji biyar na sakandare

A nan Kolorado inda nake zaune, yarinya 'yar shekara 16 tana iya fara karatun malanta na jami'a alhali ba ta gama sakandare ba. Makarantarsu ce ke ƙulla yarjejeniya da jami'a ko kwaleji, sai darasin da ta ɗauka a lissafa mata shi a wuri biyu: a takardar gama sakandare, da kuma a digirin da za ta yi nan gaba. Kuɗin darasin kuwa hukumar makarantun yankin ke biya, ba iyaye ba.

Jami'ar Kolorado da ke Denba tana da irin wannan shiri mai suna Pathways2Teaching, wanda Dokta Margarita Bianco ta kafa a 2010 domin 'yan ajin ƙarshe biyu na sakandare, musamman 'ya'yan baƙaƙen fata da na baƙin haure da na marasa ƙarfi. Manufarsa a fili take, yaro ya dawo ya koyar a unguwar da ta raine shi. A 2021 majalisar jihar ta ƙara da wata doka, ta ce wanda ya bi wannan hanya a shekararsa ta ƙarshe ana iya biya masa kuɗin kwaleji har na shekara biyu. Jihar Karolaina ta Kudu ma tun 1985 take da nata, Teacher Cadet.

Na ga abin da idona a makarantar firamaren ɗana. Wata yarinya, 'yar maƙwabtanmu Habashawa, tana zaune kan 'yar kujerar yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, tana bin layin littafi da yatsa tare da wani yaro da bai daɗe da zuwa ƙasar ba. In ya cije a kan kalma, sai ta rage murya ta faɗa masa da yarensu, su koma Turanci. Malamar ajin tana gefe tana rubuta abin da za ta gyara mata bayan an tashi. Yarinyar nan kafin ta cika fom ɗin jami'a ta riga ta san ko za ta iya da hayaniyar yara ko ba za ta iya ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu fa a Najeriya mun taɓa yin wannan. Kawuna daga firamare ya wuce kwalejin horon malamai, ya yi shekara biyar, ya fito da takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda kowa ya sani da Giredi Tu. Har ya tsufa bai yarda ya shiga aji ba tare da ya shirya darasi a rubuce ba, kuma rubutunsa a allo kamar an ja shi da zare. Wudil, Bichi, Toro, Maru, da kwalejojin mata na Kano da Katsina, duk irinsu suka yaye. Kwalejin Katsina ta farkon shekarun 1920, wadda ta fitar da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna, ita ma don horar da malamai aka gina ta. Malam Aminu Kano ya koyar a Maru. Da aka zo shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, da waɗannan kwalejoji aka yi ƙoƙarin cike ajujuwa, a shekarar kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna.

Daga baya aka ce NCE, takardar malanta ta kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin takardar da za a shiga aji da ita, aka mayar da kwalejojin nan makarantun sakandare. Ban ga laifin ɗaga matsayin malami ba, kuma ba ina cewa a koma jiya ba ne don kawai da tsohuwar zuma ake magani. Giredi Tu tana da nata rauni. Amma da aka rufe ta, an rufe ƙofa ɗaya tilo da yaro ke shiga malanta da ƙuruciyarsa, ba a buɗe wata ba. Yanzu sai wanda likitanci ya ƙi, lauya ta ƙi, jami'a ta ƙi, shi ake ce wa "to, je ka yi NCE mana". A shekarun nan hukumar JAMB ta sha amincewa da maki 100 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga kwalejin ilimi. Sannan a 2017 aka yi ta salati da aka ji malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu a Kaduna. Ni ban ɗora wa waɗannan bayin Allah laifin duka ba. Hanyar da aka bi aka kawo su ita ce abin tuhuma.

Muna da kwalejojin ilimi a Kano, Sakkwato, Gumel, Azare da Maru. Me zai hana kowace ta riƙe sakandare biyar ko goma na kewayenta, ta zaɓi masu ƙwazo daga aji biyar da aji shida, ta ba su darussa biyu ko uku na shekarar farko ta NCE, su riƙa zuwa firamaren garinsu rana ɗaya a mako ƙarƙashin gogaggen malami? 'Yan mata nake hange fiye da kowa. Uban da ke ɗari-ɗarin tura 'yarsa birni zai fi sakin jiki in karatun a gabansa aka fara shi, kuma ƙauyen da ya samu malama 'yar gari ba zai riƙa jiran wadda aka turo daga nesa, ta zo yau gobe ta nemi canjin wuri ba.

Na san za a ce albashi fa? Gaskiya ne. Ko a nan malaman Denba sun yi yajin aiki a 2019 kan kuɗi, kuma babu shirin da zai riƙe matashi a aji in ana bin gwamnati bashin watanni. Sai dai gyaran albashi bai hana a fara wannan ba. Abu na farko da ake buƙata yana hannun hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE: ta yarda a rubuce cewa darasin da aka ci a sakandare ƙarƙashin kulawar kwaleji za a lissafa shi cikin NCE, kada yaro ya je a ce ya sake daga farko.